Jajayen Wayoyin Ba Kiari

Motoci da yawa sun bi ta hannuna tun da na fara aikin wutar mota a garin Diffa, na manta da su na manta da masu su. Amma ranar Alhamis ɗin da muka fita gwajin bashen Ba Kiari, motarsa ta ɗaukar kaya, ita kam ta ƙi barin kaina. Tunda yau aiki ya yi sauƙi, ku da kuka zo garajin nan daga baya ku matso ku ji ta daga bakina, kafin wani ya ba ku ita da ƙarin gishiri.

Bari in fara da yadda garaji yake a lokacin, saboda baƙin da ke zaune da mu. Mai wurin shi ne Shef Lawali, Badamagare, wanda ya zo daga Zinder tun yana da baƙin gashi. A ƙarƙashinsa akwai masu inji, akwai masu walda da gyaran jiki, sannan akwai ɓangaren wuta, wato batir da fitilu da duk wata waya da ke cikin mota. Kowane ɓangare da shugabansa, kuma mota ba ta fita sai shugaban ya ce wa Shef nasa ya kammala. Ni wata biyu ke nan da aka ɗora ni a kan ɓangaren wuta, bayan wanda ya koya mini aiki ya tsufa ya koma garinsu. Ina tafiya ina jin kaina, har na sayi sabuwar rigar aiki mai aljihu huɗu.

Ba Kiari manomin tattasai ne, Babarbare, gonarsa tana bakin Komadugu wajen Geskeru. Dattijo ne dogo mai farin gemu, ba ya ɗaga murya, amma in ya faɗi magana ko za a kwana ana lallashi ba ya sauya ta. Yana da wata tsohuwar bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da ake rufewa da tamfol, da ita yake kwaso buhunan tattasai zuwa gari. Injinta mai silinda huɗu ya mutu murus ana tsakiyar tsinkar tattasai. Kowa ya ce ya rabu da ita, ya ce a'a, motar ta san hanyar gona. Sai wani ɗan ƙanensa ya tsallako masa da inji daga hayin kogi, mai silinda shida, wanda aka ciro daga wata mota da ta yi hatsari.

Shef ya duba injin ya duba bashen, ya ce, "Ba Kiari, wannan ba zai shiga nan ba."

Ba Kiari ya ce, "To."

Ya shimfiɗa tabarmarsa a inuwar bishiyar bedin nan da kuke gani, ya ajiye butarsa, ya zauna. Washegari ya dawo ya zauna. A rana ta uku Shef ya kira masu walda ya ce su fara yanka.

Sati uku aka yi ana fama. An tura lagireto mai sanyaya inji gaba, an ƙera wa injin sababbin ƙafafu, an lanƙwasa salansa, wato bututun hayaƙi, ta bi wata hanya dabam. Kullum Ba Kiari yana kan tabarmarsa yana kallo, buhunansa kuma suna can jibge a gona, ƴan kasuwa suna ta aiko masa da tambayar yaushe. Da masu inji suka gama, aiki ya rage nawa: wayoyin buji.

Ga wanda bai sani ba, buji shi ne abin da ke ƙyasta wuta a cikin kowace silinda, man ya kama, inji ya juya. Akwai wani abu mai baƙar hula da muke kira delko, shi ke raba wutar, yana ba wa kowane buji nasa a kan lokaci. Wayoyin su ne hanyar da wutar ke bi daga delko zuwa buji. A motar da ta fito daga kamfani yadda take, sai ka je kasuwa ka sayo saiti ka sa. Amma wannan motar ba wanda ya taɓa ƙera irinta a duniya sai mu. Saitin da na samo, biyu sun yi gajarta, ɗaya kuma tana kwance a kan bututun hayaƙi, inda zafi zai narka ta kafin a kai bakin gari. Dole in yanka nawa da hannu.

Wayar buji iri biyu muke samu a nan. Akwai mai zaren tagulla a ciki, wadda ake sa wa injin ban ruwa a lambu. Tana da ƙwari, ba ta tsinkewa, amma tana watsa wuta a iska, duk rediyon da ke kusa sai ya kama ƙara. Akwai kuma mai baƙin zare kamar gawayi a ciki, ita ce ta mota, tana riƙe wutarta ba ta damun kowa. Na san wannan sarai. Na ɗauko baƙar ta mota na fara awo, sai na ji inuwar mutum a kaina.

"Isuhu, ɗana," in ji Ba Kiari, "ja nake so."

"Ja me, Baba?"

"Wayar. Jikana ya nuna mini a salula, motocin Turawa masu gudu duk jar waya gare su. Ja ya fi kawo wuta."

Na ce masa launin roba ne kawai, wuta ba ta ganin launi. Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce, "To." Ya juya ya nufi tabarmarsa. Ni kuwa na ga abin da "to" ɗin nan ta yi wa Shef, sai na ce ya dakata.

Na zagaya kasuwa kaf, jar waya ɗaya ce a garin, a shagon masu kayan injin ban ruwa, kuma mai tagulla ce. Na tsaya riƙe da ita ina shawara da zuciyata. Na ce ai motar gona ce, daga kogi sai kasuwa, rediyon wa za ta dama a daji? Na sayo.

Aikin kam na yi shi da kyau, wannan ko maƙiyina zai shaida. Kowace waya sai na bi hanyarta da igiya tukuna, daga hular delko zuwa bujinta, nesa da ƙarfe mai zafi, sannan in ƙara ɗan sarari kamar faɗin yatsa biyu saboda inji yana rawa in yana aiki. In yanka, in fere robar bakin a hankali kada wuƙa ta taɓa zaren, in naɗe zaren baya a jikin robar, in sa ɗan ƙarfen da muke kira kos in matse shi da filaya. In ja da ƙarfi in ga ko zai zame. Hular robar da ke rufe bakin kuwa sai an shafa mata ruwan sabulu take shiga. Haka na yi shida, da ta bakwai gajera mai kawo wuta tsakiyar delko.

Sai jeri. Inji mai silinda shida ba ya tashi ɗaya, biyu, uku kamar ƙidayar ƴan makaranta. Nasa jerin shi ne ɗaya, biyar, uku, shida, biyu, huɗu. Saboda haka dole wayoyin su riƙa tsallake juna a kan hular delko. Wanda ya koya mini aiki yakan ɗaura wa kowace waya ɗan ƙyalle mai lamba. Ni na ga wannan aikin masu mantuwa ne, ban ɗaura ba.

Kafin azahar ranar Alhamis na ce wa Shef nawa ya kammala. Aka murza makulli, inji ya tashi lafiya lau, yana gurnani a hankali kamar an shafa masa mai a maƙogwaro. Masu walda suka yi tafi. Mai shayin bakin garaji ne kawai bai yi murna ba, don rediyonsa ya kama ƙara ana tsakiyar labarai, yana ta marin sa yana zagin wanda ya sayar masa da batir. Na kau da kai. Shef ya ce a kashe, bayan salla da abinci za mu fita gwaji a kan hanya.

Muka yi salla, muka tafi cin abinci. Ba Kiari yana azumin Alhamis, sai ya ce mu je, shi zai tsare motar. Na bar kan motar, wato murfin injin, a buɗe.

Da muka dawo mutane sun taru, maƙwabta da masu shaguna, kowa yana so ya ga bashen da aka sa wa zuciyar wata motar. Ba Kiari ya rufe kan motar da kansa, har ya goge shi da gefen rawaninsa. Shef ya shiga mazaunin direba, Ba Kiari a tsakiya, ni a bakin ƙofa. Aka murza. Inji ya yi tari, ya sake tari, sannan ya tashi yana ɗingishi, motar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Na ji. Wallahi na ji, kuma kunnena ya gaya mini wannan ba injin ɗazu ba ne. Shef ya juyo ya dube ni.

"Isuhu, lafiya?"

Mutane suna leƙowa ta taga suna yi mini sannu da aiki. Na ce, "Man kwalba na bakin titi ne aka zuba, Shef, ƙila da datti. In ta hau hanya za ta washe."

Muka kama hanyar gabas. Motar tana tafiya, amma ba da son ranta ba. Shef yana taka mata mai tana jan ƙafa, warin ɗanyen fetur ya cika mu. Ba Kiari kuwa ya miƙe wuya yana ɗaga wa mutane hannu.

Kun san shingen sojoji na bakin gari. Ƙa'ida ita ce ka rage gudu tun daga nesa, ka tsaya inda aka ce, a duba takardu da kaya. Kuma kun san yadda kunnen mutanen garin nan ya zama a shekarun nan, ko faranti ne ya faɗi sai an waiga. Ranar akwai layi, motocin haya biyu da amalanke, fasinjoji sun sauko suna tsaye, ga wata mata da tiren bandar kifi a ka.

Shef ya ɗage ƙafarsa daga mai. Man da silinda biyu suka ƙi ƙonawa tun daga garaji ya taru a cikin salansa, ga zafi. Sai ji muka yi daga bayanmu, tau! Kafin mu yi salati, tau! tau!

Ban taɓa ganin mutane sun kwanta da sauri haka ba. Fasinjoji suka zube a ƙasa, wani mai babbar riga ya shige ƙarƙashin amalanke, jakin ya ja amalanken ya bar shi a fili. Tiren kifi ya yi sama. Sojoji suka faɗa bayan buhunan yashi, bindigogi suka juyo kanmu, ana ta yi mana tsawa da Faransanci da Hausa har da Zabarmanci. Shef ya buɗe ƙofa ya dira hannu sama, ya manta bai kashe inji ba. Ni ma na fito. Ba Kiari ya sauko a hankali, ya gyara rawani tukuna, sannan ya ɗaga hannu. Mutane sun fara ɗago kai ke nan motar ta sake yin tau, kowa ya koma.

Sarjan ɗin da ke wurin ya ciro oba-obarsa zai kira na gaba da shi. Ba abin da ke fita sai ƙara, irin ta rediyon mai shayi. Ya jijjiga ta, ya sake gwadawa, ya dubi motar.

"Akwai abin da ke kashe mana rediyo a cikin motar nan! Kai mai rigar aljihu, buɗe gaban. A hankali!"

Na buɗe. Sarjan ya leƙo daga nesa, ya ga jajayen wayoyi shida sababbi fil, duk sun haɗu a kan wani baƙin abu mai zagaye. Ya ja da baya taku uku. A lokacin nan na fara tunanin wa zai gaya wa matata.

Allah ya taimake mu, ajidan ɗinsu yana cikin rumfa. Ajidan shi ne gaba da sarjan, shi ke riƙe da shingen. Wani gajere ne mai tumbi, mutumin yamma, ya fito yana tafiyarsa ba gaggawa. Ya tsaya ya saurari injin, ya shaƙi iska, ya ce wa Shef, "Kashe ta, malam." Shef ya kashe. Nan take oba-obar sarjan ta washe, har muna jin wani yana tambaya me ke faruwa. Ajidan ya karɓa ya ce ba komai, tsohuwar mota ce ke ɓarin ciki. Ya sa hannu a baya ya sunkuya kan injin.

"Na yi shekaru a garajin bariki kafin a turo ni bakin hanya," in ji shi. "Wa ya haɗa wayoyin nan?"

"Ni ne, mon ajidan."

"Faɗa mini jerin wutar inji mai shida."

"Ɗaya, biyar, uku, shida, biyu, huɗu."

"Madalla, ka yi karatu. To karanta mini abin da ke nan."

Na sa yatsa ina bin wayoyin daga hular delko. Ɗaya. Biyu. Na tsaya, na sake bi. Biyu ce. Uku, shida, biyar, huɗu. Ta biyu da ta biyar sun yi musanyar gida. Kuma wayoyin sun kwanta lumui, ba mai hawa kan wata a saman hular, ba yadda na bar su ba. Na ɗago kai. Shef yana kallona da idon da na san ma'anarsa. Ba Kiari kuwa, hannunsa a sama har yanzu, yana kallon injin da fuskar mutumin da ya gamsu da aikinsa.

Nan na gane. Amma dattijo ne sa'an mahaifina, ga sojoji, ga jama'a sun tashi suna kakkaɓe riguna suna neman wanda za su zaga. Sai na ce, "Kuskurena ne, mon ajidan."

Shef ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Wata biyu, Isuhu. Gobe ka koma cajin batir."

Sai Ba Kiari ya sauke hannunsa.

"A'a, soja, kada a zalunci yaron nan. Aikinsa mai kyau ne. Wuri ɗaya kawai ya kuskure, ni kuma na gyara masa."

Ajidan ya juyo. "Ka gyara masa, Baba?"

"Da suka tafi cin abinci na duba, na ga biyu sun hau kan juna. Na bi su da hannu, na ga ta biyu an kai ta can baya, ta biyar an kawo ta gaba. Shekara nawa ina ban ruwa, ban taɓa ganin ruwa ya bar fangali na ɗaya ya tsallake zuwa na biyar ba, na biyu yana zaune da ƙishi. Sai na mayar da kowace wurinta. Ban so in faɗa a gaban maigidansa ba, kada ya ji kunya."

Ajidan ya dubi Ba Kiari, ya dube ni, ya dubi wanda har yanzu yake kwance inda amalanke ya bar shi. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya dafa motar yana yi har hularsa ta faɗi, sojojin ma suka kama, sarjan ne kawai ya ƙi. Da ya samu numfashi ya ce in mayar da wayoyin yadda suke. Minti ɗaya bai cika ba na musanya, aka murza, inji ya koma gurnaninsa na safe, oba-oba kuma ta koma ƙararta.

"To wannan fa?" in ji ajidan, yana nuna mini ita. "Wannan ma Baba ne?"

"A'a, mon ajidan. Wannan nawa ne."

"Wayar injin lambu a mota. Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani."

"Motar nan ba za ta wuce shingena da wayoyin nan ba. Ku juya. Amma kafin nan, ku tsince wa baiwar Allah nan kifinta."

Haka muka duƙa mu uku a bakin hanya, har da Shef da shaddarsa ta gwaji, muna tsintar bandar kifi muna hure yashi, matar tana tsaye a kanmu tana faɗa mana abin da take gani game da mu da motarmu, da Barbarci, ba ta rage komai ba. Ba Kiari ya ƙi fassara mana.

Sai da muka shiga garaji Shef ya kira ni gefe ya ce maganar cajin batir ya janye ta, tunda na rufa wa dattijo asiri. Amma maganar man kwalba, in na sake yi masa irinta, ko cajin batir ba zan samu ba.

Washegari da safe na yanka sabon saiti da baƙar waya ta mota, kowace da lambarta a ɗaure. Kafin in sa su na je na zauna a gefen tabarmar Ba Kiari, abin da ban taɓa yi ba cikin sati ukun nan. Na jera duwatsu shida a ƙasa. Na nuna masa cewa silindar duka a kan sanda ɗaya suke bugu, in na gaba suka yi ta bugawa a jere nauyi zai taru a gefe guda, shi ya sa ake ba na gaba, a ba na baya, a dawo tsakiya. Na kuma kawo rediyon mai shayi, na nuna masa abin da jar wayar ke yi masa.

Ya daɗe yana kallon duwatsun. Can ya ce, "Ashe lodin kwalekwale ne. Buhu ɗaya gaba, buhu ɗaya baya, in ba haka ba ku kife a tsakiyar kogi."

Na ce, "Shi ke nan, Baba. Ka fi ni iya faɗa."

"To ɗana, me ya hana ka gaya mini haka tun farko? Kullum ina nan zaune."

Ranar Asabar bashen ta shigo gari da lodin tattasai har sama da tamfol, ta wuce shinge ba wanda ya waiga.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mutanen da ke kawo mana mota a kwarin nan ba su yi makarantar inji ba, amma kowannensu akwai abin da ya ƙware a kai, kuma da wannan idon yake kallon aikinku. In kun bar shi a duhu zai cike gurbin da abin da ya sani, da kyakkyawar niyya, kuma ku za a tambaya. In ya nemi abin da kuka san ba daidai ba ne, kada ku saya masa don ku huta da shi, ku zauna ku nuna masa har ya gane da harshensa. Kuma duk ranar da inji ya gaya muku ba shi da lafiya, ko garin nan gaba ɗaya ya taru yana yi muku tafi, ku kashe shi ku buɗe ku duba.